Fasinjar Kujerar Baya

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Lomar shinkafa da wake tana hannuna, ban kai ta baki ba. Mutum uku ne suka ɓullo daga ciyawa, fuska naɗe da tsumma. Na gaba yana riƙe da bindiga ƙirar maƙera, biyun da adduna.

Na kwanta. Matata Memuna ta janyo 'yan matanmu biyu ta danne su.

"Wayoyi! Makullin mota! Maza!"

Na miƙa. Kafin in ɗago kai sun zuba cikin ƙaramar bas ɗin da na aro daga Tamale, sun ba ta wuta. Ƙura ta tashi ta lafa. Ga mu a gindin bishiyar kaɗanya, bai fi tafiyar minti goma da ƙofar gandun daji ba, da tabarma da kwanonin abinci.

Ƙaramar 'yata ce ta fara magana. "Baba, ina Kaka?"

Na waiga kan tabarma, ba ta nan. Mma Azara, kakata mai shekara tamanin da 'yan kai, tana kwance a kujerar can baya, ta lulluɓa da zane. Fushi take yi da ni. A cikin dajin nan aka haife ta, a wani ƙauye mai suna Jentiso, kafin a tashe su a mayar da wurin gandu. Da safe mun zaga mun ga giwaye da barewa, yara suna ta ihu, ita ko kallo ba ta yi ba. Jentiso take so. Ma'aikacin gandu ya ce babu hanya, ni ma na ce babu. Ta ce, "Mijin banza kawai," ta ƙi cin abinci, ta koma mota.

Abin da ya faru a motar, rabi a bakinta na ji, rabi a kotu.

Soale ne shugabansu, mai bindigar. Kotochi ke tuƙi. Dramani, wani ƙato mai ɗaukar doya a kasuwa, ranar ce fitarsa ta farko. Kwana huɗu suna shiri a bayan wani garejin babura a Damango, wai za su tare Turawa masu zuwa kallon giwa. Tun safe suke laɓe, ƙudan tsando na cizonsu, Turawa ba su tsaya ba. Sai Allah Ya kawo musu ni, malamin makaranta da kwanon shinkafa.

"Taka ta, Kotochi! Mu fece!"

"Ina za mu, oga? Akwai shingen 'yan sanda a gaba!"

"Da ba ka san da shi ba?"

"Da a ƙafa muka biyo daji, yanzu da mota muke!"

Sai murya ta fito daga baya. "Wane mara tarbiyya ne yake girgiza ni haka?"

Kotochi ya taka birki. Ƙiiii! Dramani ya ƙwala salati, ya nemi fita ta taga. Soale ya juya da bindiga. Tsohuwa ta tashi zaune tana gyara ɗankwali. Ta dubi bindigar, ta dubi tsummokaran fuskarsu.

"Ina jikana?"

"Yana raye. Ki rufe mana baki, tsohuwa!"

Ta ce mini a lokacin ta ga yatsan yaron a kan kunamar bindiga. Amma ta ji zancen shinge, kuma ta leƙa taga ta gane dutsen da ke gefen hanya.

"Kun ga dutsen can? Ku karya dama. Akwai tsohuwar hanya, tana ɓullewa bayan Damango. Ba ɗan sandan da ya san ta."

"Me zai sa ki taimake mu?" in ji Soale.

"Don in rabu da ku da wuri. Kuna wari."

Suka karya dama.

Ni kuwa gudu na yi har ƙofar gandu, takalmi ɗaya. Aka kira 'yan sanda. Sajan Akolgo ya iso da mutum huɗu, ya buga wa masu shinge, suka ce ba motar da ta wuce. Wani dattijon ma'aikacin gandu mai suna Buraima ya bi sawun taya a ƙasa har gindin dutsen, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Wannan ba ta zuwa ko'ina. A kufai take ƙarewa."

"Wane kufai?" na tambaya.

"Jentiso."

Memuna tana hawaye, amma sai da dariya ta ƙwace mata, ta kira sunana. "Ewuntomah, ba su suka sace Mma ba. Ita ta sace su."

Ban yi dariya ba. Na san abin da mai bindiga zai iya yi idan ya gane an yi masa wayo.

Can cikin daji ciyawa ta fi motar tsawo. Mma tana ba da umarni kamar ita ta ɗauke su aiki.

"Hagu. A'a, ɗayan hagun, sakarai! Wa ya ba ka lasin?"

"Oga, hanyar nan fa ba ta yi kama da hanya ba."

"Tuƙa kawai!"

Suka gangara wani rafi. Fac! Tayoyi suka nutse cikin laka. Kotochi ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Soale ya diro, ya finciki ƙofar baya, ya ɗora wa tsohuwa bakin bindiga a goshi.

"Ina Damangon? Ina take?"

"Na yi ƙarya," in ji Mma. "Gida na zo. Kukar can da kake hange, uwata tana kwance a gindinta. Shekara sittin ban gaishe ta ba. In za ka harba, ka bari in ƙarasa can, ka rage wa mutane ɗauka."

Dramani ya riƙe bakin bindigar ya kawar. "Haba oga! Sa'ar kakarka ce fa!"

Daga nesa suka ji ƙugin mota. Soale ya dubi yaransa, ya sassauta murya. "Ku tura motar. Bari in hau tudu in duba mana hanya." Ya saɓi jakar wayoyi ya shige ciyawa. Bai waiwayo ba.

"Ya gudu ya bar ku," Mma ta ce. "Kuma can da ya nufa kwarin ɓauna ne."

Kotochi ya zauna a laka ya dafe kai. Mma ta yafito Dramani. "Kai ƙato, ba ƙafa gare ni ba. Durƙusa."

Ya durƙusa, ya goya ta.

Muna isowa rafin muka ji ƙara. Daram! Sai ihu. Na ce shi ke nan, sun kashe ta. Buraima da 'yan sanda biyu suka ruga wajen ƙarar. Soale suka tarar a kan reshe, ɓauna tana huci a ƙasa. Ya harbe ta, bindigar ta fashe a hannunsa, ta tafi da yatsu biyu. Yana ganin kaki ya fara roƙo. "Ku kama ni! Don Allah ku zo ku kama ni!"

Kotochi bai ko motsa ba aka sa masa ankwa. Ni da Sajan muka bi sawu zuwa kukar.

Mma tana zaune a kan saiwa. Dramani ya cire tsumman fuskarsa, yana sare ciyawa da addar da ya zo fashi da ita, wasu duwatsu a jere suna fitowa fili.

"Ajiye addar!" Sajan ya daka tsawa.

"Ɗana, bar shi ya gama," in ji Mma. "Saura kabarin babana."

Sajan ya dube ni, na dube shi. Muka tsaya. Da aka gama ta shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunayen da ban taɓa ji ba, tana gaya musu wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ban taɓa ganin kukan Mma ba sai ranar. Dramani ma yana sharar hanci lokacin da ya miƙa hannuwansa.

Shari'a ba ta ja ba. Soale ya samu shekara ashirin, ga hannu ya nakasa. Kotochi sha biyar. Mma ta tsaya gaban alƙali da sandarta ta ce ƙaton nan ya kawar mata da bindiga daga goshi, a duba masa. Aka duba, amma fashi fashi ne, ya samu goma. Uwarsa ta faɗi a harabar kotu, Mma ce ta zauna kusa da ita har ta farfaɗo. Ƙaramar 'yata ta yi wata biyu ba ta yarda a ci abinci a waje. Mai bas kuma har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

A hanyar komawa gida daga kotu Mma ta bari har muka wuce kasuwa. Sannan ta zungure ni da sanda.

"Shekara nawa aka ce wa ƙaton?"

"Goma, Mma."

Ta yi lissafi da yatsu, ta girgiza kai. "Ba zan kai ba. To, baɗi in ciyawa ta sake rufe su, kai za ka kai ni, ko sai na nemo wasu ɓarayin?"

Na ce ni zan kai ta.