Duwatsun da Haladu Ya Dafa

Rana ta yi ja a kan duwatsun Birnin Kudu, awaki suna shigowa gida ɗaya bayan ɗaya, lokacin da Zahara'u ta shiga falon ubanta da abincin kifi a tafin hannunta. Ta tarar ruwan akwatin kifin ya yi fari kamar an dama koko, kifaye uku sun juya ciki sama.

Ubanta Haladu ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin jirgin ruwa a Bahar Maliya. A shekarun nan da kuɗin man fetur suka fara shigowa, kowa rediyo yake kawowa gida, shi kuwa sai ya dawo da akwatin gilashi, da buhunan gishirin teku, da kifaye masu launi, da murjani mai rai, da wasu duwatsu masu huji-huji. Dokarsa biyu ce: kada a cika wa kifi abinci, kada a wanke duwatsun. Yakan ce akwai ƙananan halittu a cikin hujin, ido ba ya ganinsu, su ke cinye kashin kifi da ragowar abinci. In sun mutu, ruwan ya zama dafi.

Ran nan bai bincika ba. Ya fito tsakar gida, gaban uwarta Batulu da maƙwabta, ya ce Zahara'u ce ta cika abinci. Yarinyar da ta shekara biyu tana auna abincin nan da yatsu biyu! Ta rantse har muryarta ta dishe, ko kallonta bai yi ba.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufin gidan, a jiƙe, tana warin gishiri. Rana ta uku Zahara'u ta faɗi a bakin randa, ta tashi da muryar tsohuwa. Ta daina cin abinci, ruwan gishiri kawai take nema, tana ramewa ana kallo. Batulu ta sa aka ɗauko Malam Hambali daga Gwaram.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya zauna, ya yi ta karatu a hankali har inuwar katanga ta rufe tsakar gida, maƙwabta na jira a zaure. Sannan ya tambayi mai maganar ko wace ce.

Muryar ta ce a cikin duwatsun nan take tun a teku, ita da garkenta na ƙananan halittun nan. Haladu ya nutsa ya ɗauko su, ta zo masa a mafarki, suka yi alkawari: za ta tsare masa ruwa, shi kuma ba wuta ba sabulu.

"Malam, tambaye shi wa ya ɗora tukunya ranar Laraba, da matan gida suka tafi bikin suna a Sundimina," in ji muryar.

Haladu ya sunkuyar da kai. Ashe ya ji manyan baƙi za su zo daga Kano ganin kifayensa, ya ga duwatsun sun yi kore, kunya ta kama shi. Ya dafa su, ya goge da sabulu, suka yi fari tas. Don baƙin da ba su ma zo ba.

Malam ya ce to me ya haɗa ta da yarinya. Ta ce an ƙone mata gida, yarinyar nan kaɗai ta yi wa garkenta kuka, da ita za ta koma teku. Malam ya ce wannan kam ba za a yi ba, ya ɗaga murya da karatu har jikin Zahara'u ya hau rawa. Can muryar ta sassauta, ta nemi abu biyu: Haladu ya mai da duwatsun teku da hannunsa, kuma ya faɗi gaskiya a inda ya yi ƙarya.

Na farkon nan take ya amsa. Na biyun ne ya tsaya masa a wuya, har aka fara kiran sallar magariba. Batulu ta zuba masa ido. Ya miƙe, ya kira maƙwabta, ya ce shi ya kashe kifinsa, 'yarsa ba ta da laifi.

Zahara'u ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido. Haladu ya durƙusa yana miƙa mata ruwa, yana neman ya yi mata bayani. Ta karɓi kofin, amma ba ta sha ba.

"Baba, ai na ga tukunyar a bayan ɗaki tun ranar," in ji ta. "Jira nake ka faɗa da kanka."