Mai Sayen Ulu da Bazara

A tsakiyar bazara ya fara shigowa shagon, lokacin da zafi ke hana mutum rawar gaban hantsi, bishiyar ƙofar shagon kuma ta tsaya tsirara babu ganye ko ɗaya. Auta na zaune bayan kanta tana fifita da kwali, saƙarta a cinya ta kasa taɓawa saboda gumi. Shagon na Ummanta ne, na kayan saƙa: ulu, zare, kwarashi da maɓallai. A irin wannan lokaci ko ƙuda ba ya leƙo su.

Sai ga wani dogon saurayi cikin rigar aiki, makullin mota a hannu. Ya yi sallama ya ce ulu yake so, mai laushi, wanda ba ya cizon fata.

Auta ta dube shi sama da ƙasa. Wa ke sayen ulu a wannan zafi? Ta tambaye shi ko aiko shi aka yi. Ya sosa ƙeya, ya ce eh to, kusan haka ne. Ya zaɓi fari da ruwan ƙwai, ya manta canjinsa, ya dawo ya karɓa, sannan ya manta ulun.

Direban motar asibiti ne. Kafin ruwan farko ya sauka ya zama ɗan gida a shagon, ya kuma samu lambar wayarta. Ita tana ce masa Malam Direba, shi yana ce mata Autata, kamar shi ya haife ta.

Damina ta kankama, bishiyar ta yi kore shar, soyayya ma haka. Idan hadari ya taso yakan turo mata saƙo:

"Autata, ki shigar da kayan waje, ga shi nan tafe ta wajenmu. Kada ruwa ya taɓa min ke, ulun dai ko oho."

Ta karanta ta yi murmushi, amma kalmar ulun nan sai ta tsaya mata a wuya. Domin bai fasa saya ba. Duk zuwan da zai yi sai ya tafi da ƙulli biyu ko uku, kullum kala mai sanyi, irin ta jarirai. In ta tambaya wa ke saƙawa, sai ya ce wata rana zai faɗa mata, ya kawo zancen mota.

Akwai Goggonta, yayar Babanta, wadda ke zuwa taya su zama a shago. Ita ta fara furta abin da Auta ke ta saƙawa da warwarewa a zuci. Ta ce namijin da ke sayen ulun jarirai, ya kuma ƙi faɗin mai saƙar, ai zancen a fili yake: mata gare shi a ɓoye, kuma ciki gare ta. Ta ƙirga a yatsu, daga bazara zuwa damina zuwa kaka, ta ce da shigowar sanyi za a ji haihuwa.

"Ke kina nan kina sayar masa da kayan haihuwar matarsa, har da ragi," in ji ta.

Umma ta ce a bi a hankali, yaron yana da kunya. Goggo ta ce ita masu kunyar nan ta fi tsoro.

Da kaka ta shigo ganyen bishiyar ya fara rawaya yana zubowa ɗaya-ɗaya, manyan Direba suka aiko suna neman izinin zuwa. Baba ya ce a dakata tukuna, ya ji ƙishin-ƙishin, shi kuma abin da ya fi tsana a duniya maƙaryaci. Ga kuma ɗan mai ginin da shagon yake, wanda ya daɗe yana kewaye-kewaye, Goggo na ta yabon cewa shi dai komai nasa a fili yake.

A makon ne Direba ya zaro hankici zai share fuska, wani abu ya faɗo kan kanta. Hula ce 'yar mitsitsiya, ruwan ƙwai, da ƙyar za ta rufe lemo. Ya yi wuf ya ɗauke, amma Auta ta riga ta gani, ta kuma gane ulun shagonsu. Saƙar ta yi kyau har ta ba ta haushi.

Da ya tafi ta rubuta masa:

"Malam Direba, ka gaida mai saƙa, hannunta da kyau. Allah ya sauke ta lafiya. Kada ka sake zuwa."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya turo: "Autata, ba abin da kike zato ba ne. Kunya ce kawai." Ta nuna wa Goggo, Goggo ta ce dama kunyar ce ta faɗa.

Sanyi ya shigo, shago ya cika da masu sayen ulu, Auta kuwa ta rame. Saƙar da ta fara tun bazara ta warware ta ta sake, ta kuma warwarewa. Goggo ta gaji da ganinta haka, ta ce ta tashi su je su gani da idonsu, in ya so ta yi kukanta gaba ɗaya ta huta.

Suka isa asibitin da hantsi. Mai gadi ya nuna musu bayan ɗakin haihuwa, inda motar ke tsayawa jiran kira. Goggo ta ce ka ji, ɗakin haihuwa. Suka lallaɓa ta bayan motar. Ta gilashi suka hango shi a kujerarsa, kai a sunkuye, hannuwansa na motsi a ƙasan sitiyari. Goggo ta fizge ƙofar.

Ƙullin ulu ya gangaro ya faɗi a ƙafarta. Kwarashi na hannunsa, da rabin safa wadda ba ta fi babban yatsa ba.

Goggo ta leƙa bayan motar ko akwai wata a ciki, ba kowa sai gadon marasa lafiya da wata jaka cike da huluna.

"Ina matar?" ta tambaya.

"Ni ne matar, Goggo," ya ce, idonsa a ƙasa.

Nan ya kwance musu zancen. Bakwaini da yawa yake ɗaukowa a motar nan, kuma da sanyi kafin a kai su kwalbar ɗumama jarirai jikinsu ya yi ƙanƙara, hular kasuwa kuwa duk ta yi musu yawa. Shi ma bakwaini ne, mahaifiyarsa ce ta koya masa saƙa kafin ta rasu. Dole tun bazara yake farawa in yana so hulunan da yake saƙa musu su ishe shi. Ya taɓa faɗa wa wata da ya nema, ta yi dariya har ta kai zancen wurin abokansa, shi ya sa ya kulle bakinsa.

Auta ta karɓi safar ta juya ta. Ta ce dunduniyar ta yi tsauri, ya riƙa sassauta hannu. Tana faɗa hawaye na zuba.

Za ku ce magana ta ƙare, amma saura Baba. Da ya ji labari ya yi tagumi, ya ce da ma matar ce da shi, da ya san abin da zai gaya wa mutane. Suruki mai kwarashi kuma fa? Ya sa aka kira shi, ya zaunar da shi a falo, ya ce zai ba shi Auta bisa sharaɗi ɗaya, ya bar saƙar nan.

Auta na bayan labule tana sauraro. Goggo na gefenta tana raɗa cewa ya ce to kawai mana, wa zai bi shi cikin mota ya duba.

Direba ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In na ce zan bari, ƙarya na yi maka. Yaran nan sanyi suke ji."

Baba ya dube shi, ya gyara zama, ya ce yaron da zai iya ce masa a'a a cikin falonsa alhali yana neman 'yarsa, ba zai iya ɓoye mata a wani gida ba. Ya ce manyansa su zo.

Aka ɗaura aure kafin sanyin ya wuce, domin ango ya ƙi yarda a jira. Nas-nas ɗin ɗakin haihuwa suka zo gayya guda, har da iyaye mata goye da 'ya'yan da ya taɓa ɗaukowa, sun yi ɓul-ɓul. Goggo ce ta riƙo hannun amarya ta damƙa masa. Ta ce ta yafe masa gaggawar, bakwaini ne, tun a ciki bai iya jira ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa nasu 'ya'yan su cika watanninsu.