Huɗu Ta Koma Shida

Ranar da Otila ta kawo rubutun babanta maɗaba'a a Strasburg, Kilian mai jera haruffa ya ɗaga kai sau ɗaya, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Littafi ne na haɗa magani da giyar inabi, aikin shekara goma na baban nata, Gangolf mai magunguna. Kullum tana zuwa duba aiki, shi kuma yana jera haruffan dalma a juye yadda sana'ar take, rabin idonsa na kanta.

Da ya nemi aurenta, tsohon ya ce ba zai ba mai hannu duk tawada 'yarsa ba, alhali ga ɗan likita na nema.

Littafi ya fito. Mako bai cika ba gari ya ɗauka, domin duk wanda ya jiƙa filasko a giya yadda littafin ya ce, a bayan gida yake wuni. Har limamin coci sai da ya yanke wa'azi a tsakiya. Gangolf ya rufe shago, yana cewa tsufa ya sa shi rubuta shirme.

Kilian ya duba rubutun hannun da ke ajiye wurinsu. Ashe tsoho iv ya rubuta da lambar Romawa, wato cokali huɗu na filasko. Shi gogan ne ya jera vi, shida. Kunya ta rufe shi kamar ya nutse. Ba wanda ya sani, in kuwa ya faɗa, maganar aure ta mutu.

Sai ga 'yar wasiƙar Otila: "Abin ƙaunata, Baba ko burodi ba ya ci. Na rasa yadda zan yi."

Ranar kasuwa ya tsaya gaban jama'a ya faɗi laifinsa, ana ta yi masa dariya. Daga nan ya wuce gidan su Otila, ya durƙusa gaban tsohon da rubutun hannun.

"Baba, hannunka bai yi kuskure ba. Ni ne."

Tsoho ya daɗe yana kallon rubutunsa, idonsa ya ciko.

"Me ya ɗauke maka hankali?"

Kilian ya sunkuyar da kai. Otila, da ke bakin ƙofa, ta rufe fuska da hannu biyu.

"To, na gane," in ji tsohon. "In na bar ka haka, sai ka ƙarar da mutanen garin nan. Gara in ba ka ita, ko hankalinka ya dawo."

Sai da Kilian ya bi gida-gida ya gyara kowane littafi da alƙalami, sannan aka ɗaura aure. Gangolf ya dafa kawunansu, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka.