Ranar Da Muka Ce Ba Mu San Wasfiyya Ba

Da mun san abin da bakinmu zai jawo wa baiwar Allahn nan, wallahi da mun ɗinke shi tun da safe.

Wasfiyya 'yar unguwarmu ce a Silwan, cikin birnin Ƙudus, gidansu yana kallon shagona. Shekara tara ta yi a Amman tana jinyar mijinta mai ciwon ƙoda, har Allah Ya karɓi abinsa. Ta riƙo hannun 'yarta Lamis ta nufo Ƙudus, amma a gadar kan iyaka aka juya shuɗin katinta na izinin zama a birnin aka ce ya mutu, wai duk wanda ya haura shekara bakwai a waje ya zama baƙo. Baƙuwa a garin da aka yanke mata cibiya! Da takardar ziyara ta shigo. Lauya ya ce mafita ɗaya ce, ta zauna shekara biyu cur, ta tara shaidar cewa nan take kwana, nan take tashi.

Yayanta Mazin, wanda ta bar wa makullin gidan mahaifinsu, ya daɗe yana neman sayar da gidan, ga shi ta dawo ta tare masa hanya.

"Yaya, ka sa sunana a takardar wuta da ta ruwa mana," in ji ta. "Su ne shaidar da ake nema."

"Sunanki? Ni na aike ki Amman? Wadda ta bar tukunya a kan wuta ba ta tambayar wa ya sauke!"

Haka ta haƙura. Ta riƙa naɗe shinkafa a ganyen inabi tana sayarwa suna ci. Lamis ta kwanta da ciwon ƙirji, ko'ina suka je sai a ce ina kati. Kullum in na buɗe shago sai in hango ta a kan sallaya, hannu sama, hawaye na bin kumatunta.

Da shekara biyun suka cika, sai ga mai bincike daga hukuma wata Talata, ita kuma ta fita nemo magani. Ya tsaya a shagona ya ce, "Wasfiyya Hamdan, nan take zaune?" Mu kuwa tun muna yara aka koya mana, in baƙo mai riƙe da takarda ya tambayi mutum, to ba ka san shi ba. Na ce ban san ta ba. Mai burodi ya ce bai taɓa jin sunan ba. Hajja Subhiyya, tsohuwar maƙwabciyarsu, har da rantsuwa. Mu a zatonmu asiri muka rufa mata!

Bayan wata uku amsa ta zo, an ƙi. Ta shigo shagona da takardar.

"Abu Ziyad, har da kai? Shekara biyu ina sayen gishiri a hannunka... Ya Allah, Kai dai Ka san inda nake kwana!"

Na kasa ɗaga kai. Muka taru muka je wurin lauya muka faɗi gaskiya, aka nemi a sake dubawa.

Ranar da mai binciken ya dawo, Mazin ya riga kowa zuwa ƙofa. "Yallaɓai, ni kaɗai ke gidan nan. Ita leƙowa take yi ta koma Amman."

Mutumin ya wuce ciki. Ya buɗe firji, ga maganin Lamis, ga ganyen inabi a jere. Ya buɗe durowa, duk kayan mata ne. Hajja Subhiyya ta leƙo ta taga tana kuka. "Yau kam na san ta, ɗana! Ni na karɓi haihuwarta!"

Mai binciken ya juyo kan Mazin. "To kai ina takalmanka? Ina buroshin haƙoranka?"

Ko ɗaya ba a gani ba! Babu wanda ya tona shi, durowa ce ta yi magana. Ashe shekara biyar ke nan Mazin yana zaune da iyalinsa a Ramallah, bayan katangar da ta raba garin da Ƙudus, katin kuwa sai mazaunin Ƙudus. Ba a yi wata biyu ba aka karɓe nasa katin, maganar sayar da gida ta bi ruwa.

Wasfiyya ta bi shi har bakin titi tana kuka. "Wallahi, Yaya, ban roƙi Allah haka ba!" Bai waiwayo ba.

Ita takardar izinin zama ta shekara ɗaya aka ba ta, likita ya duba Lamis, tarin ya lafa. Shekarar za ta cika wata mai kamawa. Ko za a mayar mata da katinta, ko a raka ta gada, har yau babu wanda ya sani.