Golan Aro da Alƙaliyar Wasa

Ana gab da tashi daga wasa, Ettore ya kama ƙwallo ya kwanta a kanta, ya ƙi tashi. Ƙungiyarsa ce ke gaba da ci ɗaya, shi ne kuma golansu, matashi ɗan shekara ashirin da ɗaya da wata babbar ƙungiya ta ba da aronsa ga ƙungiyar wani ƙaramin gari na bakin teku.

Sai ya ji ƙarar usur a kansa. Ya ɗago ya ga alƙaliyar wasa tsaye da katin gargaɗi a hannu, gumi na bin goshinta.

"In barci kake ji, samari, ka tafi gida," in ji ta.

Ya miƙe yana kallonta har ya manta ƙwallon a ƙasa. Sunanta Nives.

Bayan wata biyu suka haɗu a tashar jirgin ƙasa, kowa da jakar wasansa. Ya saya mata kofi, ta sha tana waige-waige. Daga nan saƙonni suka fara.

"Alƙaliyata, yau na tare ƙwallo shida, amma zuciyata na wajenki."

"Sarkin ɓata lokaci, ka mai da hankali kan ragarka. Ni ma ina kewarka. Ka goge wannan saƙon."

Kullum haka take rufewa, domin alƙaliyar da aka ji tana soyayya da ɗan wasan rukunin da take hura wa usur, ta shiga bakin duniya. Ga shi a bana ake sa ran za a ɗaga ta zuwa rukuni na biyu.

Mahaifinta Gualtiero tsohon alƙalin wasa ne, shi ya koya mata riƙe usur tun tana ƙarama. Ranar da ta gaya masa zancen Ettore, ajiye cokalinsa ya yi a kan taliyar da yake ci.

"Gola? Golan ma na aro? Bana yana nan, baɗi Allah kaɗai ya san inda za a jefa shi. Nives, duk ƙwallon da ya taɓa tarewa a gabanki cewa za a yi da hannunki a ciki."

"Baba, sau ɗaya na hura wasansa, ban ma san shi ba a lokacin."

"Wa zai yarda?"



Akwai kuma Corrado, gola na biyu, wanda ya gaji da zaman benci tun zuwan Ettore. Wata safiya bayan atisaye ya matso ya nuna masa waya. Hoton Ettore da Nives ne a bakin teku, hannunta cikin nasa.

"Ango, ka ga wadda aka ba wasanmu na Lahadi? Madam ɗinka ce. Ka ce wa koci kafaɗarka na ciwo, ni in tsaya raga. In ba haka ba 'yan jarida su sha kallo."

Ettore ya juya ya bar wajen. Wasan Lahadi shi zai nuna ko za su hau rukuni na gaba, kuma mutanen babbar ƙungiyarsa za su zo ganinsa. Ya rubuta wa Nives komai, ya ƙara da cewa:

"Zan ce ina da rauni. Gara in rasa wasan da ki rasa usur ɗinki, masoyiyata."

Amsarta gajera ce: "Kada ka kuskura ka yi ƙarya saboda ni."

Daga nan wayarta ta mutu. Ya kira har ya gaji. Abinci ya ƙi shiga, a wajen atisaye ƙwallo mai sauƙi ta riƙa sulluɓe masa, koci na ta masa tsawa. Ya gama yanke wa kansa cewa ta zaɓi aikinta ta bar shi.

Ranar Asabar ya hau jirgi ya je gidansu. Gualtiero ne ya buɗe ƙofa, ya tsaya ya tare ta.

"Ba ta nan."

"Ranka ya daɗe, ban zo rigima ba. In rabuwa da ni ce za ta tsare mata mutunci, na haƙura. Amma ka gaya mata gobe zan tsaya a raga, ba zan yi ƙaryar ba."

Dattijon ya kalli yaron sama da ƙasa, sannan ya matsa daga bakin ƙofar.

"Ta tafi gaban shugabannin alƙalan wasa da ƙafarta, ta gaya musu komai. Sun cire ta daga wasan gobe, ƙarin girman bana kuma ya wuce ta. Tun da ta dawo take wajen innarta tana kuka, ta ce ba ta so ka ji kafin wasa." Ya ja numfashi. "Shigo ka ci abinci. Gola da yunwa ba ya tare komai."

Ranar Lahadi wani alƙali ne ya hura wasan. Ettore ya tare abin da zai iya, amma aka ci su ɗaya, ba su hau ba. Corrado kuwa hotonsa ya tashi a banza, koci ya ji labari ya sallame shi.

Ettore na fitowa daga fili ya hangi Nives a jikin shinge, idanunta sun kumbura.

"Na ja miki asara, Nives."

"Na ja wa kaina dai. Kuma yau ne karo na farko da na zo ganinka ba na waige."

Babbar ƙungiyar ta sake ba da aronsa can kudu, ita kuma aka mai da ta wasannin da ba za su haɗa su ba. Ba su jira komai ya daidaita ba. A watan Yuni aka ɗaura musu aure a cocin garinsu, 'yan wasa da alƙalai suka cika benci ɗaya suna tsokanar juna.

A bakin ƙofa, ana watsa musu shinkafa bisa al'adar biki a can, Gualtiero ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Na ba ka ita, ɗana. Duk garin da aka kai ka, ka tafi da ita cikin mutunci. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya albarkaci gidanku."

Nives ta kwantar da kanta a kafaɗar mijinta, jama'a suka amsa da amin.