Sharaɗin Alhaji Saaka

Ranar da Zalia ta fara shiga ajin masu sake jarrabawa a Maamobi, malamin Turanci, Mutala, ya rubuta "Sit down" a allo, ya tambayi wanda zai faɗi yadda ake ba da labarin wannan umarni. Zalia, wadda Turanci ya kayar sau biyu, ta ce a hankali, "He told me to sit down." Ya juyo ya dube ta. Malamin da ke gyara bakin kowa, ranar nasa bakin ya sarƙe.

Kafin wata uku zancen soyayyarsu ya kai kunnen mahaifinta, Alhaji Saaka, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai. Shi a wurinsa ɗaliba amana ce. Ya kira Mutala shago ya ce, "Bar yarinya ta yi karatu. Kar ka kira, kar ka tura saƙo, sai risalt ya fito. In ka karya, babu aure."

Mutala ya mayar da ita ajin wani malami, ya ja bakinsa. Zalia ta zaci gudunta yake yi. Ta rubuta masa: "Malamina, hasken idona, in laifi na yi ka faɗa mini. Shirunka ya fi faɗuwa jarrabawa ciwo." Ya karanta har ya haddace, bai amsa ba. Wata biyar aka yi haka, kuma Allah ya sani ya sha wuya.

Saura mako biyu sakamako ya fito, Alhaji ya rasu. Mutala ya raka gawa, ya dawo ya ci gaba da riƙe sharaɗin, don mai sakinsa daga alkawari ya tafi. Ko ta'aziyyar Zalia ta bakin yayanta Jibirilu ya aika.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyarta ta kira shi gidansu a Nima. Ta ce a gadon asibiti Alhaji ya karɓi wayar Zalia, ya ga saƙonnin da ta tura wa Mutala a jere babu amsa ko ɗaya.

"Ya ce a gaya maka ka kawo goro, ɗana, ko ta ci ko ta faɗi."

Ta ci ɗin. Jibirilu ne ya ba da aurenta a masallacin layinsu, jama'a suka sa albarka, aka yi wa Alhaji addu'a.

Da aka kai amarya ta ce, "Da ka amsa mini ko sau ɗaya fa?"

"Da na rasa ki, Zaliyata," in ji shi, sai ga hawaye.