Nonon Ghita

"Ba za a kawo min ɗan gidan marayun gwamnati cikin gidan nan ba!" in ji Lalla Batul, ta dire butar shayi a gaban ɗanta Lahsen. "Yau jariri ne, gobe ya yi gemu, baƙon namiji a ɗakin matarka. Ka sallame ta ka auro mai haihuwa!"

Matarsa Zuhur na durƙushe tana murza kuskus, hawaye na ɗiga a hannunta. Shekarun aurensu sun miƙa, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

"Inna, ba inda Zuhur za ta," in ji Lahsen. "Idan ƙanwarta Ghita ta shayar da yaron fa? Ya zama ɗan 'yar'uwarta."

"Kafin ya cika shekara biyu dai! In ya wuce, nonon ya zama ruwa."

Nan gizo ke saƙa. Bushta, yaron da yunwa ta sa uwarsa ta ajiye a gidan marayun birnin Meknes, saura kaɗan ya cika biyun. Doka kuma ta ce ba mai fita da shi sai an yi wata uku ana cigiyar danginsa, alƙali ya yanke.

Lahsen ya hau mota har ƙauyensu Ghita cikin duwatsu, ya zo da ita da goyonta. Da suka isa gidan marayun tare da Zuhur, mai gadin ɗakin yara ta tare ƙofa.

"Ba a fita da yaro, ba a shigo da abinci."

"Yaya, dubi hannunmu," in ji Zuhur. "Kin ga kwano?"

Matar ta harare su, ta koma taga ta ba su baya.

Ɗakin warin fitsari, gadajen ƙarfe jere, ba mai kuka. Yaran sun daina tun da suka gane ba mai zuwa. Ghita ta ɗauki Bushta, ya sandare kamar itace. Kwalbar madara ya sani, wadda ake jingina masa da matashi a tafi. Ya kau da kai.

"Wallahi nonona na ƙafewa, Yaya, kuma mijina na nemana," in ji Ghita a mako na uku.

"Gobe kaɗai, don Allah!" in ji Zuhur.

Ghita ta yi ta ƙara mata kwana, Zuhur kuwa ta bar zancen nono. Kullum ta zo ta rungume shi kurum, tana masa waƙa, yana kallon bango. Ran nan ya damƙe mayafinta, ya tsala ihun da ya tashi ɗakin. Ta miƙa wa Ghita shi da sauri. Ya kama, ya sha har ya yi barci.

Da alƙali ya sake shi, Lalla Batul ta ɗaga shi ta juya.

"Ƙashi da fata! Miƙo man zaitun in shafa masa. Ni za ku kawo wa jika a haka?"

To ku ji, 'yan mata. Doka na iya ba yaro gado da bargo, ba ta da ƙirjin da za ta ɗora shi. Wannan sai mai haƙuri, da mijin da ya tsaya mata.